Renon Yaro Mai Lalurar Down a Unguwannin Zango na Kumasi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi damun iyaye da kakanni a Asawase, Aboabo, Sawaba, Akwatia Line da sauran unguwanninmu idan aka haifa musu yaro mai lalurar Down, wadda wasu ke kira galahanga. Amsoshin ba za su tsaya a madadin ganin likita ba, domin kowane yaro da irin jikinsa, amma za su taimaki mutum ya san abin da zai tambaya a asibiti da abin da zai ƙi yarda da shi idan ya dawo gida.

Mece ce lalurar Down, kuma me ke kawo ta?

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai wasu zaruruwa 46 da likitoci ke kira kuromozom, waɗanda ke ɗauke da bayanan gado, 23 daga uwa, 23 daga uba, a jere biyu-biyu. Mai lalurar Down galibi yana da 47, saboda zare na 21 ya zo uku a maimakon biyu. Wannan ƙari guda ɗaya shi ke sa jikin yaron ya yi laushi, girmansa ya yi jinkiri, koyonsa kuma ya tafi a hankali. Wani likita ɗan Ingila mai suna John Langdon Down ne ya bayyana siffofin lalurar a 1866, aka kuma gano ƙarin zaren a Faransa a 1959. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ana samun ta a cikin jariri ɗaya daga kowane 1,000 zuwa 1,100 da ake haifa a duniya, a kowace ƙabila da kowane addini, gidan attajiri da gidan talaka.

Dangin mijina suna cewa daga wajena ne. Akwai abin da na yi a lokacin goyon ciki da ya jawo haka?

Babu. Abin yana faruwa ne tun lokacin da ƙwan mace ko maniyyin namiji ke samuwa a jiki, kafin ma a san an ɗauki ciki. A mafi yawan lokuta ƙarin zaren daga ƙwan uwa yake zuwa, wani lokaci daga wajen uba, kuma a dukkan halayen biyu babu abin da ɗayansu ya ci, ya sha, ya taka ko ya tsallaka da ya haddasa shi. Abin da aka tabbatar kawai shi ne yiwuwar tana ƙaruwa da shekarun uwa: kusan ɗaya cikin 350 ga mai shekara 35, kusan ɗaya cikin 100 ga mai shekara 40. Duk da haka, yawancin waɗannan yara mata 'yan ƙasa da shekara 35 ne ke haifar su, saboda su ne suka fi yawan haihuwa.

Maganar da ta fi wannan haɗari ita ce ta ɗan ruwa, wato cewa aljanu sun yi musayar jaririn, wadda kuma maƙwabtanmu Tonawa, wato Ashanti, ke da irinta, suna danganta yaron da kogi. Saboda jaririn yana da laushin jiki, wuyansa bai tsaya da wuri ba, harshensa kuma yana leƙowa, sai a ce ai alamun maciji ne. Duk waɗannan alamu raunin tsoka ne ya kawo su, kuma likita zai iya bayyana kowace ɗaya. Wanda ya ba ku shawarar a kai yaro bakin ruwa ko daji a ajiye don ya koma inda ya fito, shawarar kisan kai ya ba ku, a shari'ar Musulunci da dokar Ghana baki ɗaya, ko da kuwa da rawani ya zo.

Ta yaya ake tabbatar da cewa ita ce?

Ungozoma ko likita kan yi zato tun ranar haihuwa idan suka ga laushin jiki, idanu masu ɗan karkata sama, shafaffen karan hanci, ƙananan kunnuwa, gajeren wuya, zane guda ɗaya da ya ratsa tafin hannu, ko faɗin tazara tsakanin babban yatsan ƙafa da mai bi masa. Ba kowane yaro ke da su duka ba, kuma akwai lafiyayyun mutane masu ɗaya ko biyu daga ciki. Tabbaci yana zuwa ne daga gwajin jini da ake ƙirga zaruruwan da shi. Idan babu halin yin gwajin nan take, kada a jira shi kafin a fara binciken lafiyar da ke tafe a ƙasa.

Wane bincike ya fi gaggawa bayan haihuwa?

Na zuciya. Kusan rabin jariran da ke da wannan lalura ana haifar su da matsala a zuciya, galibi huda a bangon da ya raba ɗakunanta, kuma ba kullum likita ke jin ta da abin sauraron ƙirji ba. Saboda haka ake son a yi wa kowane jariri hoton zuciya a makonnin farko, ko da ana ganin lafiyarsa ƙalau. Ku nemi asibitin da kuka haihu, ko na Manhyia ne ko na Tafo ko wani ƙarami a unguwa, ya rubuta muku takardar zuwa sashen yara na asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Wasu hudojin kan toshe da kansu, wasu magani ke riƙe su, wasu kuwa sai tiyata, kuma manyan cikinsu an fi son a gyara su a watannin farko, domin idan aka daɗe jini yana kwarara da ƙarfi zuwa huhu, jijiyoyin huhun kan lalace ta yadda tiyata ba za ta ƙara amfani ba. Babbar cibiyar tiyatar zuciya ta ƙasa tana Korle Bu a Accra, wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa. Alamun da bai kamata a kwana da su a gida ba su ne numfashi da sauri, gumi da gajiya a lokacin shan nono, rashin ƙaruwar nauyi, da leɓe ko harshe su yi duhu.

Bayan zuciya sai tsokar nan ta gaban wuya da ake kira tayirod, wadda kumburinta ne muke kira maƙoƙo. A waɗannan yara takan yi kasala, sai yaro ya riƙa yawan barci, ya yi sanyin jiki, bayan gida ya riƙa yi masa wuya, koyonsa ya ƙara ja baya, alhali ƙwayar magani ɗaya a rana tana gyara abin. Ana gwada ta a jini lokacin haihuwa, a wata shida, a shekara ɗaya, daga nan kuma duk shekara. Sai kunne da ido: ruwa kan taru a bayan dodon kunnensu ya rage musu ji ba tare da wani ciwo ba, kuma yaro da yawa da ake cewa yana da taurin kai, maganar ce ba ta isa kunnensa sosai. Jaririn da ke amai kore, ko cikinsa ya kumbura bai yi kashi ba a kwana biyun farko, a mayar da shi asibiti a ranar, domin toshewar hanji ma tana cikin abubuwan da ake samu. Alluran rigakafi kuwa da zuwa awo duk wata da kwana cikin gidan sauro, ya fi sauran yara buƙatarsu, tun da ciwon huhu ya fi saurin kama shi.

Ba ya kama nono da kyau, kuma barci yake yi kullum. In koma ba shi madarar gwangwani?

A yi haƙuri tukuna. Laushin tsokar baki ne ke sa shi saurin gajiya, don haka a riƙa tashinsa duk bayan awa biyu zuwa uku, a ɗaga shi ya ɗan miƙe, uwa ta tallafi haɓarsa da yatsunta yayin da yake tsotso. Idan ya gaji, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi mai tsabta. Tsotson kansa motsa jiki ne ga tsokokin da zai yi magana da su nan gaba. Ruwa, jiƙo, zuma da rubutu duk a ɗage su har ya cika wata shida, zuma kuma har shekara ɗaya, domin ban da cutar da za su iya kawowa, irin wannan jariri yana da saurin shaƙewa. Idan ma'aikatan awo suka ga nauyinsa ba ya hawa, su ne za su ce a ƙara da madara, kuma a lokacin ya kamata a sake duba zuciya.

Tana warkewa? An ce mana akwai mai magani.

Ba ta warkewa, saboda tana cikin kowace ƙwayar halittar jikinsa, kuma babu allura, saiwa, turare ko ƙwayar ƙarin kuzari da ke cire zaren. Abin da ake magancewa shi ne cututtukan da ke rakiyarta, kuma wannan ya kawo babban sauyi: a Amurka matsakaicin tsawon rayuwarsu bai wuce shekara 25 ba a 1983, yanzu kuwa ya kai wajen 60, musamman saboda tiyatar zuciya da daina killace su. Addu'a ba ta da farashi kuma kowa yana buƙatarta. Amma sidi ɗin da za a zuba wa mai alkawarin sauya halittar yaro, kuɗin hoton zuciya ne da gilashin ido aka ba wani ya ci.

Yaushe zai yi tafiya, yaushe zai yi magana?

Zai yi, amma a nasa lokacin. Yawancinsu suna fara tafiya wajen shekara biyu, wasu kafin haka, wasu sai sun kai uku ko huɗu. Masu gashin ƙashi da motsa jiki a asibiti za su nuna wa uwa abubuwan da za ta riƙa yi a gida, kamar kwantar da shi rub da ciki a kan tabarma yana farke ana kallonsa don wuyansa ya yi ƙarfi. Goyo ba laifi ba ne muddin an tallafe kansa, sai dai yaron da ya wuni a baya bai sami lokacin yin rarrafe ba.

Magana ita ce ta fi jinkiri, kuma a nan ne ake yawan yi musu kuskuren fahimta, domin abin da suke ganewa ya fi abin da bakinsu ke iya furtawa nesa ba kusa ba. Sun fi koyo da ido a kan kunne, saboda haka a riƙa haɗa kalma da nuni: a nuna kofi a ce ruwa, a yi alamar ci da hannu a ce tuwo, a yi gajeren zance, a jira shi ya amsa ba tare da an ƙarasa masa ba. Alamun hannu ba sa hana magana fitowa, suna rage masa takaici ne kafin ta fito. Akwai kuma tambayar da ta shafe mu a Kumasi musamman, inda yaro ke jin Hausa a ɗaki, Tonanci a tsakar gida, Turanci a makaranta, Larabci a wajen malam. Binciken da aka yi kan yara masu wannan lalura da suka tashi da harshe biyu bai nuna cewa hakan yana cutar da su ba. Don haka uwa ta yi masa magana da harshen da ta fi sakewa da shi. Mayar da gida kan Turancin da ba a iya sosai ba yana rage yawan hirar da ake yi da yaron, kuma yana raba shi da kakarsa.

Ya kamata a yi taron suna, a kuma riƙa fita da shi cikin jama'a?

A yanka rago, a raɗa suna, a raba goro kamar yadda aka yi wa yayyensa. Yadda aka karɓi yaro a makon farko shi ke nuna wa dangi da maƙwabta matsayin da za su ba shi, kuma idan iyaye suka yi sunan a ɓoye, sun riga sun gaya wa unguwa cewa abin kunya ne. A ganina ɓoye yaro a ɗaki ya fi lalurar kanta yi masa illa, domin waɗannan yara da kwaikwayo suke koyo. Wanda ke zaune cikin sa'o'insa yana ganin yadda ake gaisuwa, ake wanke hannu, ake jiran layi a wajen mai koko, zai ɗauka. Wanda aka kulle da talabijin kuwa ba shi da wanda zai kwaikwaya.

Zaman Zango yana da wata fa'ida a nan da masu zama a keɓaɓɓun gidaje ba su da ita. Gidan haya mai ɗaki goma, yara a tsakar gida tun safe, biki da suna kusan kowane mako, masallaci a kowane lungu: duk abin da ƙwararru ke kira shigar da yaro cikin al'umma yana nan a ƙofar ɗaki, in dai an bar shi ya fito. Uba yana da rawar da babu mai taka masa ita. Ranar da ya riƙe hannun ɗansa zuwa sallar Juma'a ya tsayar da shi a gefensa cikin sahu, ko ya zauna da shi a majalisar abokansa, maganganu da yawa sun mutu ba tare da an yi gardama da kowa ba. Addini kuma yana bayansa. Aya ta 61 a Suratun Nur ta ɗauke ƙunci game da cin abinci tare da makaho da gurgu da mara lafiya, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, wanda makaho ne, ya ja wa mutanen Madina salla idan ya yi tafiya.

Wace makaranta ta dace da shi, ta kowa da kowa ko ta musamman?

Dokar naƙasassu ta Ghana ta 2006, mai lamba 715, ta wajabta wa iyaye sa yaro mai naƙasa a makaranta, ta kuma hana shugaban makaranta ƙin karɓarsa saboda naƙasar, sai idan hukuma ta auna shi ta ga cewa makaranta ta musamman ce ta dace da shi. Manufar ilimin bai-ɗaya da gwamnati ta fitar a 2015 ta ƙara ƙarfafa cewa asali shi ne yaro ya yi karatu tare da sa'o'insa a makarantar unguwarsu. Abin da ke rubuce ke nan. A aikace kuwa, ajin da ya cika maƙil da malami ɗaya zai iya mayar da yaron ɗan kallo a bencin baya, kuma wannan ba shi ake nufi ba.

Shawarata ita ce a fara da makarantar kowa da kowa tun daga ajin reno, a zauna da malamar aji a yi mata bayani, a roƙi a zaunar da shi a gaba saboda ji da gani, a kuma amince a kan ƙananan manufofi na kowane zangon karatu, kamar gane sunansa a rubuce, ƙirga kuɗi, ko zuwa bayan gida da kansa. Da yawa daga cikinsu suna koyon karatu, sau da yawa ta hanyar gane kalma sukutum kafin harrufa. A ofishin ilimi na gunduma akwai jami'in da ke kula da ilimi na musamman, kuma shi ake kai wa kuka idan makaranta ta ƙi. Idan yaro yana da buƙatu masu nauyi, ko ya girma ana son ya koyi sana'a, akwai makarantar Garden City ta gwamnati a Asokore Mampong, kusa da mu, akwai kuma ta Dzorwulu a Accra. Makarantar allo ma kada a bar ta. Karatun da ake maimaitawa da murya ɗaya cikin rauji yana shiga kansu sosai, sai dai a gaya wa malam tun ranar farko cewa bulala ba ta da aiki a kan wannan ɗalibi.

Yara suna tsokanarsa, manya ma suna kiransa da sunayen banza. Me za mu yi?

Da yara abin yana da sauƙi: a kira su a yi musu bayani a fili cewa haka Allah ya halicce shi, yana jinkirin koyo amma yana jin zafin magana kamar kowa, a kuma ba su aikin yi, kamar su riƙa raka shi makaranta. Da manya sai an yi tsayin daka, a gyara wa mutum a take cikin ladabi, a ce, “Baba, sunansa wane.” Dokar 2006 ɗin nan ta haramta kiran mai naƙasa da laƙabin wulaƙanci. Akwai kuma wani nau'in raini da ba a cika ɗaukarsa raini ba, wato mayar da shi abin nishaɗi a wajen biki, a sa shi rawa ana dariya ana ɗauka a waya ana watsawa a TikTok. Ya yi rawa tare da jama'a, wannan daidai ne. A kewaye shi ana shewa kuwa, iyaye su hana.

Ana tsawata masa kamar sauran yara?

Ƙwarai kuwa. Shagwaɓa tana cikin manyan abubuwan da ke naƙasa su bayan sun girma. Yaron da ba a taɓa ce masa a'a ba yana ɗan shekara huɗu, ba zai iya zama cikin mutane yana ɗan shekara ashirin ba. A ba shi doka gajera, kowa a gidan ya tsaya a kanta, a yaba masa idan ya yi daidai, a kuma ba shi aikinsa na gida: shara, jera takalma, ba tumaki dusa. Haka batun abinci. Suna da saurin ƙiba, kuma a gidan haya kowa na son ya miƙa masa ƙosai ko lemon kwalba don tausayi, har ya ci abincin ɗaki huɗu a rana. Ƙibar tana ƙara matsalar toshewar numfashi a barci, wadda dama ta yi yawa a cikinsu, don haka yaro mai minshari da firgita cikin dare a gaya wa likita. Wasa da ƙwallo da tafiya suna da kyau, amma a guji alkafura da kokawa, saboda a wasunsu gaɓar da ta haɗa kai da wuya tana da sako-sako.

Akwai taimakon da ake samu daga gwamnati?

Akwai, ko da yake sai an bi. A yi masa katin inshorar lafiya ta ƙasa, a riƙa sabunta shi a kan lokaci, tare da sanin cewa tiyatar zuciya da na'urar ji ba sa cikin abin da katin ke ɗauka. A kai sunansa ofishin jin daɗin jama'a na gunduma, domin akwai kason da aka ware wa naƙasassu daga asusun bai-ɗaya na gundumomi, wanda ake bayarwa don kuɗin makaranta, magani ko jarin sana'a ga mai kula da yaro. Gidajen da ke cikin matsanancin talauci kuma suna iya shiga shirin tallafin LEAP da aka fara a 2008. Ƙungiyar Inclusion Ghana tana aiki da iyayen masu jinkirin fahimta, kuma ranar 21 ga Maris ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2012, dama ce ta haɗuwa da wasu iyaye.

Idan muka sake haihuwa, za a sake samun haka?

Ga yawancin ma'aurata yiwuwar kusan ɗaya ce cikin 100, ko abin da shekarun uwa suka nuna idan ya fi haka. Akwai wani nau'i, kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na masu lalurar, wanda zaren ke manne da wani, kuma a wasu daga cikinsu ɗaya daga iyaye ne ke ɗauke da shi ba tare da alama ba. Gwajin jinin yaron ne ke nuna ko akwai buƙatar a gwada iyaye.

Idan ya girma fa: sana'a, aure, da wanda zai riƙe shi bayanmu?

Iyawarsu ta bambanta ƙwarai. Akwai irin Pablo Pineda na Sifaniya da ya kammala jami'a, amma ba da shi ake auna kowa ba. Abin da ya fi yiwuwa ga yawancinsu shi ne aiki mai tsari da ake maimaitawa a ƙarƙashin wanda ya san su: jera kaya a shago, ƙulla kaya a leda, guga a shagon tela, aikin gidan burodi, kiwo. A biya shi ladansa a hannunsa komai ƙanƙantarsa. Tura shi bara a kasuwar Kejetia ko ƙofar masallaci kuwa zubar masa da mutunci ne, kuma yana jefa shi hannun mugaye.

Balaga tana zuwa musu a lokacin da take zuwa wa kowa, don haka tun kafin ta zo a koya wa yarinya tsarki da kula da al'adarta, a koya wa mace da namiji cewa akwai sassan jikin da babu mai taɓawa, da kuma wanda za su gaya wa idan an taɓa. Saurin yardarsu da mutane yana sa masu lalata su fi kai musu hari, kuma idan hakan ta faru, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida da fyaɗe, wato DOVVSU, ake zuwa, ba a sasanta a zaure. Wasunsu suna aure, amma sai da fahimtarsu da yardarsu. Mazan galibi ba su cika haihuwa ba, matan kuwa suna iya ɗaukar ciki, kuma yiwuwar jaririn ya zo da lalurar tana kaiwa kusan rabi. Aurar da yarinya ga wanda zai “rufa mata asiri” ba tare da ta san abin da ake ciki ba zalunci ne.

Game da gado, lalurar ba ta rage masa ko sisi daga rabonsa a shari'a, sai dai a naɗa amintaccen waliyyi da zai kula da dukiyar ya ciyar da shi daga cikinta. Ya kamata iyaye su zauna da 'yan'uwansa tun suna da ƙarfi a fayyace wanda zai zauna da shi da waɗanda za su riƙa kawo gudummawa, a rubuta a gaban shaidu, kada a ɗora komai a kan 'ya mace guda. Wanda zai riƙe shi kuma ya san cewa daga shekara 40 zuwa sama cutar mantuwa ta tsufa tana saurin kama su fiye da sauran mutane, saboda haka idan ya fara manta abin da ya saba yi ko halinsa ya sauya, a kai shi asibiti a fara duba tayirod da ji da gani, domin su ma suna kawo irin waɗannan alamu kuma suna da magani.